Dariyar da Aka Kai Kotu

Ranar Talata kotu ta ɗaure Sharfaddeen shekara huɗu, ranar Laraba Mas'uda ta ƙona albasa, sai gidan Alhaji Munkaila ya haɗa laifin biyu ya ɗora mata.

"Kin ɗaure mana mutum, yanzu kuma gidan za ki ƙona," in ji gwaggonta Hajiya Lauratu, matar Alhajin, daga bakin kicin, tana korar hayaƙi da gefen mayafi.

"Albasar dai ni ce, Gwaggo. Ɗaurin kuwa alƙali ne," Mas'uda ta ce. Ta kwashe wadda ta ƙone ta zuba a shara, ta jawo wata ta fara yankawa.

Haka Allah ya yi ta. Tun tana yarinya a Ƙofar Na'isa amsa ba ta kwana a bakinta, dariyarta kuma a kusa take, ko cokali ya faɗi sai ta samo abin dariya a ciki. Yanzu shekarunta ashirin da bakwai, aurenta ya mutu, mahaifinta ya rasu, ƙanwarsa Hajiya Lauratu ta ɗauko ta zuwa Guangzhou a ƙasar Sin don ta taya ta girki. Gidan yana hawa na shida a wani dogon bene a unguwar Sanyuanli, da kicin ɗin da mutum biyu ba sa juyawa a ciki sai ɗaya ya riƙe numfashi. Daga nan ake ciyar da 'yan kasuwar Kano da suka zo sarin kaya cikinsu ya ƙi abincin gari. Tuwon sunan Hajiya yake amsawa, amma hannun Mas'uda ke tuƙa shi.

Sharfaddeen ƙanin Alhaji ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ke kula masa da kayan da ake ɗorawa jirgi a filin jirgin saman Baiyun. Wata biyar da suka wuce, da rana tsaka, Hajiya ta tafi kasuwar Shahe, ya shigo gidan ya murza mukulli, ya yi wa Mas'uda fyaɗe a ɗakin ajiyar kaya. Tsohuwar Basiniyar da ƙofarta ke kallon tasu, wadda kowa ke kira Ayi, wato inna da yaren garin, ita ta ji ihu. Ita ta yi ta dukan ƙofa da sandar goge-goge, ita ta kira 'yan sanda, ita ta riƙe hannun Mas'uda a asibiti. A kotu alƙali ɗaya ne ya zauna da mutanen gari biyu, irin waɗanda ake ɗaukowa su saurari shari'a su yanke tare da shi: wata malamar makaranta da ta yi ritaya, da wani direban bas. Suka ji likita, suka ji Ayi, suka ji Mas'uda ta bakin tafinta, su ukun suka ce ya aikata.

Doka ta ba shi kwana goma ya ɗaukaka ƙara. A cikin waɗannan kwanakin Mas'uda ta ga abin da ba ta gani ba a wata biyar.

Da la'asar ɗin wannan Laraba Alhaji ya kira ta falo. Ya kashe talabijin, abin da ba ya yi ko don baƙo.

"Zauna, 'yata. A'a, ba a ƙasa ba, kan kujera."

Ta zauna a bakin kujerar. Tun zuwanta garin bai taɓa ce mata 'yata ba.

"Na fito daga wurin lauya," ya ce. "Mutumin nan ya san aikinsa. Ya ce hukuncin nan babu hankali a cikinsa, duk mai tunani ba zai yanke shi ba. Ke ki duba fa. Direban bas! Direban bas ne zai zauna ya ɗaure ɗan Alhaji Maidaji? Me ya sani a kanmu? Ya san yadda muke wasa da juna a gida? Ya san ke da Sharfaddeen kullum cikin raha kuke?"

"Ai direban bas ma yana da kunne, Alhaji."

Ya yi kamar bai ji ba. Ya zaro takarda daga aljihun babbar riga, rubutun Sinanci cike da ita, da ɗan fili a ƙasa.

"Ba wani abu ba ne. Cewa kawai ta yi tafinta bai fahimce ki ba, abin da ya faru da yardarki ya faru, da tsohuwar nan ta buga ƙofa sai kika tsorata kika faɗi abin da kika faɗa. Ba ma sai kin yi rubutu ba. Babban yatsa za ki dangwala, shi ke nan an wuce wurin."

Mas'uda ta dubi takardar, ta dubi babban yatsanta da ƙurar garin kuka ta maƙale a farcensa.

"Alhaji, na bar tukunya a wuta," ta ce, ta tashi.

Washegari Gwaggo ta dawo daga Shahe da sabuwar abaya mai duwatsu a hannu, ta shimfiɗa mata a gado. Ta zauna kusa da ita, ta gyara mata ɗankwali kamar lokacin da take ƙarama.

"Ni ce ubanki yanzu, Mas'uda. Zan cuce ki ne? Abin da ya faru ya riga ya faru, ɗaurinsa ba zai mayar miki da komai ba. Matarsa tana Kano da 'ya'ya huɗu, kullum sai ta bugo mini tana kuka. Kuma aurena fa? Kin san ƙanin Alhaji ne. Tun ranar nan Alhaji bai ƙara kallona da idon rahama ba."

"Abayar ta yi kyau, Gwaggo."

"Ai na san za ta yi miki."

"Sai dai ta yi mini tsada."

Hajiya ta naɗe abarta ta fita. Ba a yi rabin sa'a ba ta ƙwala mata kira ta ɗebo shinkafa a ɗakin ajiyar kaya. Tun da abin ya faru Mas'uda ba ta ƙara taka ɗakin ba, kowa a gidan ya sani, Hajiya da kanta take ɗebowa. Ranar ta ce bayanta yana ciwo. Mas'uda ta tsaya a bakin ƙofar da kwano a hannu. Ta ja numfashi, ta shiga, ta ɗebo, ta fito da gudu ta zubar da rabi a hanya. Daga ranar kullum bayan Hajiya ciwo yake.

Ranar Juma'a, da aka sauko daga masallaci, dattawan kasuwa huɗu suka zo yi mata nasiha. Sun iya zaɓen rana, don ranar da ake toya masa ce. Aka shimfiɗa musu leda a falo, Mas'uda tana soyawa tana kawowa, suna ci suna yi mata wa'azi.

"Yarinya, wannan aikin Shaiɗan ne," in ji na farko, yana tsoma masa a miyar taushe.

"Kuma Sharfaddeen yaro ne," in ji na biyu. Yaron shekararsa talatin da takwas, har furfura ta fara fito masa a gemu.

Na uku ya ajiye cokali ya ce shi ba Sharfaddeen yake ji ba, sunan Hausawa yake ji. Masu gidajen haya sun fara kallonsu a kaikaice, gobe a ce duk haka suke. Da an bar maganar a cikin gida, da manya sun zauna sun sasanta, ba sai an kai wa waɗanda ba su san alƙibla ba.

Na huɗu bai ce komai ba sai "A ƙaro miya."

Mas'uda ta kawo miyar, ta durƙusa ta ajiye cikin ladabi.

"Baba, tunda Shaiɗan ne, a rubuta sunansa a takardar. Wallahi da yatsu goma zan dangwala."

Mai neman ƙarin miya ya tuntsire da dariya har masa ta sarƙe shi, sai da aka bubbuga masa baya. Sauran suka haɗe rai, suka ce 'ya'yan zamani ba a yi musu magana. Amma ba su tashi ba sai da tiren ya zama fanko.

Ranar Asabar ce ta taɓa ta. Alhaji ya shigo yana fara'a, ya kira ta, ya kira Hajiya, ya ɗaga wayarsa.

"Ku zo ku ga wadda aka zalunta."

Bidiyo ne. Filin da ke ƙasan benen, inda tsofaffin matan unguwa ke taruwa da yamma su kunna kiɗa su yi rawar motsa jiki. Ga Ayi a gaba da jar rigarta, ga ƙawar Mas'uda, Humu, tana tafi a gefe, ga Mas'uda a tsakiyar layi ta dafe ciki tana dariya har da sunkuyawa. Wani daga cikin masu cin abinci a gidan ne ya ɗauka daga nesa, ya adana, yanzu ya kawo gudummawarsa.

"Sati uku kacal bayan abin da ta ce an yi mata," in ji Alhaji. "Lauya ya ce wannan kaɗai ya isa. Macen da aka yi wa haka tana dariya? Tana rawa a titi? Ashe ban faɗa ba, waɗancan mutum ukun ba su yi aiki da hankali ba."

Mas'uda ta kalli kanta a wayar. Ta tuna ranar sarai. Humu ce ta jawo ta daga ɗaki da ƙarfi, ta ce ko matacce ana fito da shi ya sha iska. Ta buɗe baki ta ba Alhaji amsa, a karon farko ta rasa. Ta koma kicin, ta buɗe famfo ya yi ta zuba don kada a ji ta, ta yi kuka har ta gaji. Da yamma wani ɗan kasuwa ya faɗi abin dariya a falo, ta ji dariyar ta taso mata, ta yi maza ta haɗiye, ta waiga ta ga ko akwai mai riƙe da waya.

Alhaji ya ga ta yi laushi, sai ya ce a ƙarasa. Ranar Lahadi ya buga wa mahaifiyarta, Inna Mero, a Kano. Ya riga ya yi mata bayani tun daren Asabar, irin bayanin da ya ga dama. Ya sa wayar a amsa-kuwwa ya ajiye a tebur kusa da takardar da ɗan akwatin jan tawada.

"Hajiya Mero, ga ta nan. Ki sa mata albarka ta dangwala mu huta."

Muryar tsohuwar ta fito tare da carar zakaran maƙwabta.

"Mas'uda?"

"Na'am, Inna."

"Kin ci abinci?"

"Na ci."

"Sun ce akwai takardar da za a yi sulhu da ita. Me aka rubuta a ciki?"

Alhaji ya miƙa hannu zai yi magana, Mas'uda ta riga shi.

"An rubuta cewa da yardata ya yi, Inna."

Gwaggo ta leƙa ta ga ko wayar ta katse.

"Da yardarki ya yi?"

"A'a, Inna."

"To ki bar yatsanki inda Allah ya ajiye shi. Ke kuma Lauratu, kina nan? Ɗiyar yayanki na ba ki. Amana na ba ki, ban ba ki..."

"Hajiya Mero, layin yana rawa, ba ma jin ki," in ji Alhaji, ya danna ya kashe.

Mas'uda ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suna girgiza. Gwaggo ta ɗauka kuka take yi. Dariya ce ta ƙwace mata.

Daga nan aka daina lallashi. Alhaji ya karɓe wayarta ya ce tana ɗauke mata hankali daga girki. Da ta tambayi fasfonta, wanda yake hannunsa tun ranar da ta sauka, ya ce ya ɓata a cikin takardu. Ya tuna mata bizarta ta kusa ƙarewa, kuma shi ke sabunta ta, in ta ƙare a ƙasar nan 'yan sanda ba sa tambayar wa aka zalunta. Gwaggo ta daina yi mata magana sai da hannu. Humu ta zo sau biyu aka ce mata Mas'uda tana barci. In za su fita, sai Alhaji ya murza mukulli ta waje ya tafi da shi. Ƙarar mukullin nan ita ce ta fi komai, don irinta ta ji a waccan ranar. Sai ta zauna a kicin ta jingina da firji, tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta.

Ranar Laraba da hantsi, kwana biyu kafin wa'adin ya cika, tana wanke-wanke ta ji ana ƙwanƙwasa gilashi. Tagar kicin ɗinsu tana gefen ta Ayi, sandar shanya ce kawai tsakaninsu. Tsohuwar ta leƙo da guntun gashinta fari fat, ta yi alamar rawa da kafaɗa, ta buɗe hannu tana tambaya: ina kika shiga?

Sinancin Mas'uda na kasuwa ne, bai wuce gaisuwa da godiya da "meyo" ba, wato babu. Ta ga ai ya isa. Ta kara hannu a kunne kamar mai waya, ta ce, "Meyo." Ta buɗe tafin hannu kamar littafi ta buga masa hatimi, ta ce, "Meyo." Ta murza mukulli a iska, ta nuna ƙofa, ta ce, "Meyo." Sannan ta kumbura kumatu ta turo ciki gaba ta ce, "Lawban," wato maigida.

Ayi ba ta yi dariya ba. Ta dube ta tsawon lokaci, ta gyaɗa kai sau ɗaya, ta rufe tagarta.

Washegari da ƙarfe tara, Alhaji yana shan shayi, aka buga ƙofa. Ya buɗe da kofi a hannu. Ayi ce a gaba, ta ɗaura jan ƙyalle a damtse irin na masu sa ido a unguwa. Bayanta tsofaffi shida na filin rawa, kowacce da takalmin motsa jiki, ɗaya har da 'yar rediyonta a rataye. Gefensu ɗan sandan unguwa da littafinsa. Can baya kuma Humu, wadda Ayi ta nemo, ta fi kowa tsawo, ta riƙe ƙugu.

Humu 'yar Kumasi ce, tana tura kaya Gana a kwantena, kuma Hausar zongo take yi, wadda ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne.

"Mas'uda!" ta ƙwala daga waje. "Kai, ka fito! Ka ɗauko kayanka, mota na jira."

"Nihaw, nihaw," Alhaji yake ta gaishe su da Sinanci, yana murmushi yana sunkuyawa, shayi yana zuba masa a riga. Ɗan sandan ya yi magana a cikin wayarsa, wayar ta maimaita da Turanci: ina fasfon matar da ke zaune a gidan nan? Fasfon da ya ɓata a cikin takardu ya fito daga aljihun Alhaji cikin ƙiftawar ido, wayar Mas'uda tana biye da shi.

"Ajiye mata nake yi," ya ce. "Al'adarmu ce. Humu, gaya masa al'adarmu ce."

"Ni ban san wannan al'ada ba, Alhaji. A Kumasi sata muke ce masa."

Tsofaffin ba su jira izini ba. Suka shige ɗakin Mas'uda suna surutu kamar kasuwa, wannan ta ɗauki jaka, wannan bargo, wannan bokiti. Ɗaya ta fito da tukunyar Hajiya a ka, sai da Mas'uda ta bi ta tana "meyo, meyo" ta karɓa ta mayar. Abu ɗaya ta ɗauka a kicin, muciyar da ta zo da ita daga Kano.

Gwaggo tana tsaye a ƙofar ɗakinta.

"Yanzu tafiya za ki yi ki bar ni, Mas'uda? Wa zai yi tuwon rana?"

"Garin yana sama, kukar tana cikin robar shuɗiya. Sai an jima, Gwaggo."

A matattakala mai rediyo ta kunna kiɗa. Haka suka sauko hawa shida, tsofaffi bakwai da kaya a hannu suna taku ɗaya, maƙwabta suna leƙowa, Humu tana cewa ko amarya ba ta samu irin wannan rakiya ba.

Ranar Juma'a lauya ya shigar da ƙarar ba tare da takardar ba. Bidiyon ya rage masa, a kansa ya gina komai.

Mas'uda ta zauna wurin Humu a kusa da Baiyun. Humu ta bi mata layin biza har aka sabunta, ta koya mata duba kaya da ɗaure kwali. Ba kullum ne lafiya ba. Akwai ranakun da ƙarar ƙofa kaɗai ke sa ta zubar da abin da ke hannunta, akwai ranakun da ba ta son ganin kowa. Humu ba ta cewa ta yi haƙuri. Sai ta ajiye mata abinci ta ce, "Ka ci, in ka gama ka ci gaba da fushinka."

Bayan wata biyu babbar kotu ta kira su. Wannan karon alƙalai uku ne, mace a tsakiya da tabarau a kan hanci. Aka shigo da Sharfaddeen ya rame, bai ɗaga kai ya dube ta ba. Lauyansa ya yi dogon bayani, tafinta, wata ɗalibar likitanci 'yar Zariya, tana raɗa wa Mas'uda a kunne: wai kotun farko ta yanke abin da hankali ba zai ɗauka ba, wai ƙofa ba a ɓalle ta ba, wai an sha ganin su suna raha. Sannan ya kunna bidiyon a babban allo. Dariyar Mas'uda ta cika ɗakin shari'a.

Alƙaliyar ta cire tabarau ta yi tambaya. Tafinta ta ce, "Tana so ki gaya mata me ya ba ki dariya a ranar."

Mas'uda ta miƙe. Ta dafa katakon gabanta.

"Ranki ya daɗe, kwana ashirin da ɗaya na yi ban yi dariya ba, ni da ko yini ban taɓa yi ba. Ranar suka fito da ni. Ayi ta ce a ɗaga ƙafar hagu, ni kuma na ɗaga ta dama, na sauke ta a kan ɗan yatsanta. Ta yi wani ihu irin na kaza. Shi ne na yi dariya. Da na koma sama na yi amai, don dole sai na wuce ta ƙofar ɗakin da abin ya faru. Wannan ba a ɗauka a waya ba. In akwai adadin kwanakin da mace za ta yi kafin a yarda ta yi dariya, ni ba a gaya mini ba. Amma abin da ya yi mini ya yi, ko ina kuka ko ina dariya."

Tafinta ta juya maganar. Alƙaliyar ta mayar da tabarau ta yi rubutu.

Bayan sati biyu hukunci ya fito: kotun farko ta yi daidai, shekara huɗu suna nan, in ya gama a mayar da shi ƙasarsa. Humu ta yi guɗa a tsakiyar sitonta har ma'aikatanta Sinawa suka fito da gudu suna zaton gobara ce.

A gidan Alhaji kuwa aka ce waɗannan ma ba su da hankali. Yanzu marasa hankalin sun zama shida, ban da likita da Ayi da Inna Mero. Gidan da ya yi kusan wata uku yana auna hankalin alƙalai bai taɓa zama ya auna nasa ba. An ji tausayin matar Sharfaddeen, an ji tausayin 'ya'yansa, an ji tausayin sunan Hausawa da auren Hajiya da kayan da suka yi jinkiri a filin jirgi. An nemo wa mai laifi uzuri har daga wurin Shaiɗan. Ita kuwa da aka yi wa abin, yatsanta kawai ake so a jikinta.

Wata Lahadi da azahar aka buga ƙofar Humu. Mas'uda ta buɗe ta ga Gwaggo ita kaɗai, tana haki, ta riƙe jaka da hannu biyu.

"Wucewa nake yi, na ce bari in leƙo."

Daga Sanyuanli zuwa nan ba hanyar ko'ina ba ce. Mas'uda ta matsa ta ba ta hanya, ta jawo mata kujera.

Hajiya ta zauna ta fara. Ita mace ce a ƙarƙashin miji. Ƙaninsa ne. A ƙasar mutane take, in ya sake ta ina za ta dosa. Mas'uda ta bar ta har ta ƙare.

"Gwaggo, mutum shida da ba su jin ko kalma ɗaya ta Hausa sun ji ni. Tsohuwar da ba mu haɗa komai da ita ba ta ji ni ta taga, da 'meyo' kawai. Ke kika goya ni. Da wane yare ya kamata in gaya miki?"

Hajiya ta sunkuyar da kai.

"Ba sai kin gaya mini ba," ta ce a hankali. "Da 'yan sanda suka gama aikinsu, ni na wanke ɗakin. Na sani tun ranar."

Daga kicin ana jin Humu ta rage ƙarar cokali.

Can Gwaggo ta ɗago.

"Ya jikin naki?"

Wata takwas ke nan, kuma ita ce ta farko a gidan da ta tambaya.

"Da sauƙi, Gwaggo. Ba duka ba, amma da sauƙi."

Humu ta fito da babban tire na shinkafa da wake irin na Gana, da baƙin yajinsu a gefe, ta dire a tsakiya.

"Hajiya, ka matso ka ci. A nan gidan ba a dangwala komai sai yaji."

Gwaggo ta wanke hannu, ta ɗebi loma, ta dangwalo yajin fiye da ƙima. Tana kaiwa baki hawaye suka ɓalle mata, suka yi ta zuba har kan mayafi.

"Kai, wannan yaji naku na Gana," ta ce tana share fuska.

Mas'uda ta tura mata kofin ruwa. Suka bar ta a kan yaji ne.